Yadda na yi wa motata lamba a Kaduna, na kuma koyi karanta ta wasu

Motar da na saya 'yar Kwatano ce, ba ta taɓa ɗaukar lambar Najeriya ba, don haka komai daga tushe zan faro shi. Tun ba mu gama ciniki ba dillalin ya kawo shawara: in ƙara masa wani abu, ya sa a yo mini lambar Abuja. Ya ce mota mai lambar Abuja ta fi kwarjini a hanya, kuma ranar da zan sayar za ta fi daraja. Ba shi kaɗai ke wannan magana ba. Wanda duk ya tsaya a titin Ahmadu Bello da yamma ya zuba ido zai ga lambobin Abuja masu ABC da RSH da RBC birjik, alhali masu motocin a Malali da Barnawa da Unguwar Rimi suke kwana.

Ban karɓi shawarar ba, saboda dalili biyu. Kuɗin rajista jihar da ta ba da lamba ce ke karɓarsa, ni kuwa titunan Kaduna zan riƙa takawa kullum, ban ga hujjar in kai kuɗin wani wuri sannan in dawo ina kukan ramuka ba. Na biyu ya fi damuna. Lambar da wani ya je ya yo maka a garin da ba ka taka ba, ba ka san da wane suna aka cike takardarta ba, ba ka san wane adireshi aka rubuta ba, ba ka ma san ko ta shiga kundin gwamnati ko a bayan wani shago aka buga ta ba. Ranar da aka sace motar, ko aka yi wani laifi da mai irin lambarta, ranar za ka so a ce da ƙafarka ka je.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, direban ma'aikata ne har ya yi ritaya. Da na gaya masa niyyata ya ce zai raka ni, amma kafin mu je ko'ina in kawo masa takardun kwastam. Ya sa na buɗe ƙofar direba, ya nuna mini lambar shasi a jikin ginshiƙin ƙofar, ya sake nuna mini ita a ƙasan gilashin gaba. Haruffa da alƙaluma 17 ne. Ya riƙe takarda, ni ina karantowa daga jikin mota, ɗaya bayan ɗaya, har muka kai ƙarshe.

“Kawu, ai dillalin ya ce an duba,” na ce masa.

“Dillali ya duba kuɗinsa ne, ɗana. Harafi ɗaya ya saɓa, takardar ta wata mota ce, ba taka ba.”

Duk abin da za a yi daga baya a kan wannan lamba yake tsaye. Ita za a shigar a kwamfuta, ita za ta fito a lasisin mota, ita kamfanin inshora zai rubuta. In an yi kuskure a nan, kuskuren zai bi kowace takarda, kuma gyara shi ya fi yin sabuwa wahala.

Abin da muka haɗa a jaka: takardun biyan kuɗin kwastam, rasit na sayen mota, takardar yarjejeniya da sa hannun shaidu, katin ɗan ƙasa mai lambar NIN, lambar biyan haraji, ƙananan hotuna, da lasisina na tuƙi. Muka yi kwafin kowanne tun daga unguwa.

Tun daga bakin titi, kafin a kai ƙofar ofishin rajista, 'yan kamasho suka taso. “Alhaji, sabuwar lamba ce? Kawo a yi maka yau-yau.” Kawu ya ɗaga musu hannu ya ce mun gode, muka wuce. A ciki aka ba ni fom na cike da hannuna: suna, adireshi, lambar waya, irin mota, launinta, shekarar ƙira, lambar inji da ta shasi, da kuma ko ta gida ce ko ta haya. Jami'in da ke teburin ya duba takardun, ya fitar mini da takardar biya mai ɗauke da adadin kuɗi, ya ce ba a ba kowa kuɗi a hannu, in je in biya ta banki in kawo shaida. Wannan tsari ya kwanta mini a rai. Abin da ke rubuce shi na biya, kuma rasit ɗin da sunana ya fito. Daga nan wani jami'in ya fito ya duba motar da kansa, ya sa na kunna fitilu da sigina, na taka birki, na danna oda, ya leƙa lambar shasi ya gwada da fom.

A nan na fahimci yadda aikin ya rabu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke tsara lambar, ita ke buga ta a masana'antunta, ita ke riƙe da babban kundin da ake shigar da kowace mota. Jiha kuma, ta hannun hukumar tattara harajinta, ita ke raba lambobin ga jama'a ta karɓi kuɗi. Shi ya sa ba a buga maka lamba a gabanka. Zuwa suke yi rukuni-rukuni, a ba ka wadda ta faɗo kanka. Masu tare hanya su tambayi takardu kuma daban: ga 'yan sanda, ga jami'an kiyaye haɗurra, ga KASTLEA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jiha, wadda ta cike gurbin da aka samu bayan Gwamna Nasir El-Rufai ya rushe ofishin VIO, masu duba lafiyar motoci, a ƙarshen 2015.

Zaman jiran da muka yi a harabar ofishin shi ya fi komai amfani a wurina. Muna kan benci a inuwa, motoci na shiga suna fita, sai Kawu ya fara karanta su yadda mutanen da ke karanta tsagar fuska.

“Waccan ta Igabi ce. Waccan Lere. Ga ta Soba can.”

Na duba, ban ga Igabi ko Lere ko Soba a jikin ko ɗaya ba. Abin da na gani TRK da SNK da MGN.

Ya ce haruffa ukun nan yawanci ba sunan ƙaramar hukuma suke bi ba, sunan hedikwatarta suke bi. TRK Turunku ce, hedikwatar Igabi. SNK Saminaka, wato Lere. MGN Maigana, wato Soba. Da ya ba ni wannan bakin zaren sai sauran suka warware da kansu. DKA da ta cika garin nan Doka ce, Kaduna ta Arewa. MKA Makera, Kaduna ta Kudu. ANC Anchau ta Kubau, HKY Hunƙuyi ta Kudan, KAF Kafanchan ta Jema'a, ZKW Zonkwa ta Zangon Kataf, GWT Gwantu ta Sanga. Wasu kuma ba sa buƙatar dogon tunani: ZAR Zariya, SBG Sabon Gari, BNG Birnin Gwari, KCH Kachiya. Ƙananan hukumomi 23 ne a jihar, kowace da nata, kamar yadda ake da 774 a ƙasa baki ɗaya.

Har na Abuja ya warware mini. Mutane da yawa na ɗauka ABJ Abuja take nufi, alhali Abaji ce, can kan hanyar Lokoja. Ta cikin birni ita ce ABC. RSH Karshi, RBC Rubochi, BWR Bwari, KWL Kwali, KUJ Kuje, GWA Gwagwalada. Na Kano kuwa mun saba ganinsu a Kawo da Mando: KMC ta birni, NSR Nasarawa, FGE Fagge, DAL Dala. Manyan motocin da ke tasowa daga Legas za ka ga KJA ta Ikeja, APP ta Apapa, KRD ta Ikorodu.

Wurin da haruffan ukun suke zaune ma labari ne. A tsarin da aka fara a 1992, ƙarshen lamba suke zuwa: haruffa biyu, alƙaluma uku, sannan su. A 2011, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, lokacin Osita Chidoka na shugabancin hukumar kiyaye haɗurra, aka fito da sabon tsari, aka dawo da su farko, aka sa taswirar Najeriya a bayan rubutun. An sha taƙaddama a kan tsadar sauyin, aka yi ta ɗage wa'adi. Don haka in ka ga mota da haruffan ƙaramar hukuma a ƙarshe, ka san ta daɗe da rajista. Taken jiha da ke sama shi ma ya sauya; a da Kaduna na kiran kanta jihar sassauci, yanzu cibiyar ilimi ake rubutawa, da Turanci. Kawu ya ce shi ya tuƙa mota tun lambar na farawa da KD, ba tuta ba taswira.

Akwai wani abu da ya ja kunnena a kai, kuma ina ganin duk ɗan Kaduna ya kamata ya riƙe shi. Haruffan nan ba sa faɗin asalin mai mota, ba sa faɗin inda yake zaune, balle addininsa ko yarensa. Abin da suke faɗi kawai shi ne da sunan wace ƙaramar hukuma aka yi rajistar. Mutumin Tudun Wada na iya samun KAF don ita ce a ƙasa ranar da ya je. Mutumin Kagoro na iya sayen mota mai ZAR daga hannun malamin jami'a. A jihar da ta ga abin da ta gani, inda aka sha tare hanya ana tambayar mutum ko shi wane ne, yanke wa mutum hukunci da lambar motarsa zalunci ne, kuma jahilci ne. Na sha jin ana cewa “ai mutanen can ne, dubi lambarsu”, kuma tun ranar ba na barin maganar ta wuce ban gyara ba.

Sai launi. Wannan kowa na gani, amma ba kowa ke lura ba. Shuɗin rubutu motar gida ce. Jan rubutu ta haya: tasi, bas, a-kori-kura, tirela, Keke. Koren rubutu ta gwamnati. Baƙi na sojoji da wasu hukumomi masu kaki. Wanda ya yi rajista da shuɗi ya koma yana ɗaukar fasinja daga Kawo zuwa Zariya ya saɓa ƙa'ida, kuma in tsautsayi ya faɗa, kamfanin inshora na da abin da zai kafa hujja da shi, tunda ba don haya aka yi yarjejeniyar ba. Jami'in ya tambaye ni wannan sau biyu kafin ya shigar: “Malam, ta gida ce ko za ka yi kabu-kabu da ita?” Na ce ta gida ce.

Da muka zo kan motocin gwamnati, Kawu ya gyara zama, don nan ne fagensa. Ya ce ba su bin tsarin ƙaramar hukuma irin namu. Ta gwamnatin tarayya za ka ga FG a jikinta, sauran haruffa da alƙaluman kuma suna nuna ma'aikatar ko hukumar da ke riƙe da ita. Ta jiha tana ɗauke da gajeren sunan jihar: KDSG ta gwamnatin Kaduna, KDGH ta gidan gwamnati. Ta ƙaramar hukuma LG. Ta 'yan sanda NPF. Ta sojan ƙasa NA, kuma wannan ba baƙuwa ba ce a garin da ke da Runduna ta Ɗaya, da makarantar horar da hafsoshi ta NDA, da barikin Jaji a kan hanyar Zariya. Ta jami'an kiyaye haɗurra RS. Ta ofishin jakadanci kuwa farin rubutu ne a kan fage mai launi, da CD, sai dai nan ba kasafai ake ganinsu ba sai in sun biyo daga Abuja.

Na tambaye shi batun lambar da ake rufewa da jakar fata.

Ya ce asalin abin al'adar manyan muƙamai ce. Motar gwamna tana da tambari da tuta, motar janar tana da faranti mai taurari, ɗaya ga birgediya, biyu ga manjo janar. In mai muƙamin yana ciki sai a buɗe, in direba ne kaɗai sai a rufe, don kada a yi ta sara wa kujera. Iyakar hikimar ke nan. Amma yanzu kowane mai 'yan kuɗi sai ya sayi jakar ya rufe lambarsa, ya sa baƙin gilashi, wani har da jiniya, yana bi ta hannun da ba nasa ba, mutane na kaucewa a zaton wani babba ne. Rufe lamba laifi ne. Kuma motar da ba a iya karanta lambarta, in ta buge yaro a Rigasa ta wuce, wa za a nema?

Haka nan lambobin da ake rubuta suna ko sarauta a kai. Waɗannan ba na gwamnati ba ne. Lamba ce ta musamman da ake biyan kuɗi mai yawa a yi wa mutum, kuma a kundin hukuma tana da mai ita kamar kowace. Sitika a gilashi ma ba ta mayar da mota ta gwamnati, haka hular jami'i da aka ɗora a gaban direba. Abin dubawa shi ne launin rubutu da haruffan da ke kan farantin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a hirar shi ne yadda Kawu ke kallon koriyar lamba. Ya ce a zamaninsu kowace motar ma'aikata na da littafi. Za ka rubuta ƙarfe nawa ka fita, ina za ka, wa ya aike ka, mil nawa ka ci, man nawa aka zuba. Bayan tashi daga aiki mota a harabar ma'aikata take kwana, sai da takardar izini za ta fita ranar hutu.

“An yi ta kore ne don kowa ya gane ta, ɗana,” in ji shi. “Kuɗin jama'a ne ke tafiya a kan taya. In ka gan ta a gidan biki ranar Lahadi cike da kuloli, kana da ikon ka yi tambaya.”

Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Mu a nan mun mayar da koriyar lamba abin tsoro, muna ganinta mu ba da hanya, mai tare hanya ya sara ya ɗaga shinge. Alhali an bambanta ta ne don a sa mata ido, ba don a ji tsoronta ba. Abin takaici ma, akwai masu cire koriyar su maƙala shuɗiya a motar da aka saya da kuɗin hukuma don kada a gane, akwai kuma masu neman koriyar ta bayan fage su maƙala a tasu don kada a tsayar da su. Duka biyun ɓata tsarin suke yi, kuma mu da ba mu iya karanta lamba ba mu ke ba su dama.

Inshora a ranar na yi ta. Mafi ƙaranci da doka ta wajabta ita ce wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya kuma ya tashi zuwa naira miliyan 3. Duk wanda ya ce zai yi maka ita a dubu uku ko biyar, takarda kawai zai buga maka. Ana iya tantance ta a rumbun bayanan kamfanonin inshora na NIID da lambar mota, kuma 'yan sanda sun tsananta tambayarta tun Fabrairun 2025.

Da aka kira ni karɓar lamba, DKA ce ta faɗo kaina, shuɗin rubutu, faranti biyu a cikin leda. Tare da su aka ba ni lasisin mota, da takardar shaidar mallaka, da takardar lafiyar mota, da takardar da ke nuna an ware mini wannan lamba. Ban bar teburin ba sai da na bi kowace takarda da yatsa: sunana, lambar shasi, lambar inji, launin mota. Jami'in bai nuna gajiya ba, ya ma ce da kowa na yin haka da sun huta da masu dawowa gyara. Ya ƙara mini da wani abu da ban sani ba: a sabon tsarin nan lambar da sunan mai ita take ɗaure, don haka ranar da zan sayar da motar kada in bar mai saye ya tafi da takardu da sunana, a zo a yi sauyin mallaka a ofis. In ba haka ba, duk abin da aka aikata da motar ƙofar gidana za a fara ƙwanƙwasawa.

A nan harabar na buɗe waya na shiga shafin NVIS na hukumar kiyaye haɗurra, inda ake tantance lamba. Ana rubuta lambar ne kawai, sai ya nuna ko tana cikin kundi da irin motar da aka ba wa. Wani lokaci sabuwar rajista kan ɗan jima kafin ta hau, don haka in ba ta fito nan take ba a sake dubawa. Tawa da ta fito, irin motar da aka nuna ya dace da tawa. Wannan shafin shi ya kamata duk mai shirin sayen motar hannu ya fara dubawa kafin ya ƙirga ko sisi, don in lambar da ke jikin Corolla ta nuna Hilux, ciniki ya ƙare.

Daga can muka wuce wurin mai ɗaura lamba. Kawu ya hana a ɗaura da noti, ya ce a buga da ribit, gaba da baya, don noti ko yaro na iya kwance shi a wurin ajiye motoci, kuma lambar da aka sata ba don alheri ake satarta ba. Ya hana a sa gilashin roba mai duhu da ake yayi, ya hana firam ɗin da ke rufe sunan jiha. Ainihin takardun shaidar mallaka da na kwastam na kai gida na adana, kwafinsu na sa a aljihun mota tare da lasisi da inshora da takardar lafiyar mota. Waɗannan ukun kowace shekara ake sabunta su, don haka na rubuta ranar ƙarewarsu a waya, na sa ta tuna mini saura mako biyu.